Ofishin jakadanci ya tsare sirrinmu, mu kuma muna sayar da shi naira 100

Tun 2019 Amurka ta wajabta wa masu neman biza su rubuta sunayen da suka yi amfani da su a kafafen sada zumunta cikin shekara 5. A 2025 ta ƙara wa ɗalibai sharaɗi: su buɗe shafukansu kowa ya gani. Wanda ya bi ta Diplomatic Drive a Abuja, inda ofishin jakadancin Amurka yake, da sassafe zai ga layi, kowa rungume da fayil na roba cike da takardun banki da na aure da na makaranta. Waya kuwa ba a shiga da ita.

Mutane na ta gunaguni, suna tambayar me ya hana gwamnati tsawatarwa. Ba ta da hurumi. Yarjejeniyar Vienna ta 1961, a sashe na 22, ta haramta wa jami'an ƙasa shiga ofishin jakadanci sai da yardar jakada, sashe na 24 kuma ya kare takardun da ke ciki. Ko Sufeto Janar na 'yan sanda ba zai tura a buɗe durowa ɗaya ba. Da 'yan sandan Ecuador suka kutsa ofishin jakadancin Mexico a Afrilun 2024 don kama tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jorge Glas, nan take Mexico ta yanke hulɗa da su. Mai neman biza shi ya kai kansa, ya san abin da ya miƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanan da aka karɓa a hannunmu dole. Ba ka da layin waya sai da lambar NIN, ba ka da asusun banki sai da BVN ko NIN. Amma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023. Sai dai dokar ta sassauta wa hukumomi idan batun binciken laifi ne ko tsaron ƙasa, kuma a ƙasar nan ba abin da ba a iya laƙaba wa sunan tsaro. A Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana 'yan sanda binciken wayoyin mutane barkatai a hanya. Tambayi duk matashin da ke dawowa Kubwa ko Nyanya da dare ko ya daina jin "Buɗe wayarka!"

Idan ofishin jakadanci ya nemi tarihin wani daga 'yan sanda, ko 'yan sanda suka nemi bayanan wani daga NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, ko kamfanin waya, ya kamata buƙatar ta zo a rubuce, da sunan jami'in da dalilinsa, alƙali ya duba idan abin ya shafi saƙonni da hirar waya, mai bayanan kuma ya samu damar sanin wanda ya leƙa shi bayan an gama bincike.

Hukumar kare bayanai ta NDPC ta taɓa cin tarar bankuna da kamfanoni ɗaruruwan miliyoyi. Ya kamata ta yi hakan nan gaba ga hukumar gwamnati ko caji ofis da aka kama da sakaci, kuma ta faɗi sunan jami'in.