Awon tafin hannu ba ya nuna ɗan wasa

Wani abokin aikina a nan Detroit ne ya sosa min rai a watan Agusta, lokacin da mutanen ofis ke shirin gasar fantasi ta ƙwallon Amurka, wadda kowa ke haɗa ƙungiyarsa a waya da sunayen 'yan wasa na gaske. Ya buɗe kwamfutarsa, ga jerin yaran da ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suka ɗauka a Afrilu, kowa da gudunsa, nauyinsa, har faɗin tafin hannunsa. Sai ya ce da ni, wai cikin tausayi: "Ku a Najeriya ta yaya kuke gane yaro mai kyau, tunda ba ku da alƙaluma?"

Bari in ba ku labarin yadda suke yi. Duk ƙarshen Fabrairu ana tara yaran jami'o'i sama da 300 a Indianapolis. A sa su tseren yadi 40, a ba su ƙarfe mai kilo 102 su yi ta ɗagawa har ƙarfinsu ya ƙare, likitoci su lalube gwiwa da kafaɗa, kai ka ce ragon layya ake ciniki a kasuwar Wudil. A 2024 Xavier Worthy ya cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.21, aka kwana ana zancensa. In Afrilu ta zo, ƙungiyoyi 32 su yi zaɓe zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Da aka yi bikin zaɓen a garin nan a 2024, mutum sama da 700,000 suka fito cikin kwana uku don kawai su ji ana kiran sunaye. Ko ƙwallo ba a jefa ba!

Daga nan masu fantasi ke karɓa. Kowa ya haɗa tasa ƙungiyar a waya, yana samun maki gwargwadon abin da yaran suka yi a fili ranar Lahadi. Su duba a zagaye na nawa aka ɗauki yaro, ko akwai tsohon hannu a gurbinsa, da kuma wanda zai riƙa jefa masa ƙwallo.

Gaskiya ɗaya ce, ajiye bayanai yana da amfani. Su ba sa rigimar shekarun haihuwa, mu kuwa sai da aka haɗa mu da na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙashi don tantance shekarun 'yan wasa.

Amma duk awon nan, Tom Brady sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi a 2000, ya ƙare da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, har bakwai. Brock Purdy shi ne na ƙarshe ƙurungum a 2022, lamba ta 262, kuma ya kai San Francisco wasan ƙarshe. Puka Nacua, ɗan zagaye na biyar a 2023, ya tara yadi 1,486 na nisan da ya ci da ƙwallayen da aka jefa masa a kakarsa ta farko. Ahmed Musa kuwa ido ne ya gano shi a filayen Jos, ya zo Kano Pillars ya zura ƙwallo 18 a kaka guda yana ɗan shekara 17. Dattijon da ya shekara talatin a bakin fili ya san yaron da zai jure duka ya tashi, abin da agogo ba zai faɗa maka ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ma shi ne abin da fantasi ke yi wa magoya baya. Na ga ɗan Detroit sanye da rigar Lions, ƙungiyar garinsu, yana murna don ɗan wasan Green Bay ya ci su, saboda yaron yana cikin ƙungiyarsa ta waya. Wallahi a filin Sani Abacha, in ana "Sai Masu Gida", wanda ya yi haka ba zai sake samun wurin zama a majalisar unguwarsu ba.