Samarin Zangon Kumasi, mu daina sayar da kanmu da araha

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina na Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line, Alabar da Tafo Zango. Abin da zan faɗa kusan kullum ana taɓa shi a bes, wato majalisar hirar samari, bayan la'asar, idan an ɗora butar ataya. Sai dai a can hayaniya ke cinye magana, wannan na kare jam'iyyar NDC mai alamar lema, wancan na kare NPP mai alamar giwa, a tashi ba wanda ya ji wani. Shi ya sa na zaɓi in rubuta, kowa ya karanta shi kaɗai ya auna da hankalinsa.

Na yarda da ku, ƙuncin da muke ciki ba a Zango aka haife shi ba. Ku tuna 2022. A farkon shekarar dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100. Mai sayar da kayan mota a Magazine, matattarar makanikai ta Suame, sai ya faɗa maka kuɗin fistin da safe, ka tafi neman ciko, ka dawo da yamma ya ce wallahi ya tashi, kuma ba ƙarya yake yi ba, shi ma da dala yake saro. Mai waakye, wato shinkafa da wake, ta ji nauyin ƙara wa 'yan makaranta kuɗi, sai ta rage ludayi. A wannan Disamban gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma taɓa kuɗin 'yan ƙasa da suka ba ta rance, har tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zaman dirshan a farkon 2023 a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Accra. A Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da rancen dala biliyan 3, karo na 17 ke nan da Ghana ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa.

Tushen ciwon a fili yake. Muna fitar da ƙwayar koko da zinariya yawanci ba a sarrafa ba, muna sayo shinkafa, kajin ƙanƙara, tumatirin gwangwani, magani, har gwanjo, duk da dala. Yaƙi ya ɓarke a Yukiren, mu ne a nan za mu ji a kuɗin burodi da takin zamani. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ma sai da ya iso kasuwar albasa ta Kwadaso: aka rufe iyakoki, tireloli suka maƙale a hanya, albasa na ruɓewa cikin buhu, 'yan dako a nan suna zaune hannu rabbana. Idan kun ji ana maganar dunƙulewar duniya a rediyo, to ga ta nan a ƙofar gidanmu.

Inda na rabu da wasunku shi ne hukuncin da kuke yankewa bayan wannan. Kuna cewa tunda manya sun cinye ƙasa, bari mu ma mu karɓi rabonmu daga hannunsu ko ta wace hanya. Sai ga mota ta tsaya a bakin bes daf da zaɓe, a kira shugaba gefe, a ba shi ambulan. Washegari a raba riga da sidi 200, a ce ku ne masu tsaron Honorabul. Ka cika ƙirji, ka sa baƙin gilashi, ka hau bayan fikof, a kai ka rumfar zaɓen da ba ka san kowa ba. Ƙanena, tsaya ka tambayi kanka, ina 'ya'yan mutumin nan suke a ranar? Suna jami'a, ko suna Ingila da Amurka. Kai aka zaɓa domin an lissafa cewa idan ka faɗi ba wanda zai tayar da ƙura.

Ba zato nake yi ba, a garin nan abubuwan suka faru, kuma kowace jam'iyya na da nata kason. A Afrilun 2017 'yan Delta Force, ƙungiyar samari magoya bayan NPP, suka kutsa kotu a Kumasi suka fitar da 'yan'uwansu 13 da ake yi wa shari'a. A Fabrairun 2019 aka yi harbi a ofishin NDC na yankin Ashanti, saurayi ya rasu, rikici ne tsakanin 'yan gida ɗaya. Makonni kaɗan kafin wannan an yi ta'asar zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra. Daga nan majalisa ta yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga ta 2019, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Wa kuke tsammani zai kwana a kurkuku idan dokar ta yi aiki, mai ba da ambulan ko mai karɓa?

Asarar ba ta tsaya kan wanda ya hau motar ba, duk unguwa ke biya. Da yawa cikinmu sun san yadda fuskar mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki ke sauyawa da zarar ka ce daga Aboabo kake. Ranar da wannan baƙin fenti ya fi yi mana illa ita ce a Yulin 2018, lokacin da 'yan sanda suka harbe samarinmu 7 a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar cewa fashi suke yi ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Allah Ya jiƙansu. Alhakin jininsu na kan waɗanda suka harbe su, ba na rage ko ƙwayar zarra daga wannan. Amma ku lura da saurin da jama'ar gari suka yi wajen gaskata labarin farko, don kawai an ce 'yan Zango ne. Ku kuma lura da abin da ya wanke sunansu. An ƙona tayoyi a Asawase, an yi fushi, kuma fushin na da dalili, amma bincike a rubuce da shaidu da tsayuwar dattawa su suka kai maganar inda ta kai.

Mu da muke cin abinci daga kasuwa, mu ne farkon masu kwana da yunwa idan gari ya rikice. A Fabrairun 2016, kan katangar maƙabarta, Old Tafo ta kama da wuta, aka rasa rai, aka sa dokar hana fita. Ma'aikacin gwamnati albashinsa ya shiga a ƙarshen wata. Mai koko da ƙosai, mai tuƙa pragya (babur mai ƙafa uku), mai shayin dare, su fa? Ku dubi Dagbon: an kashe sarkinsu, Ya Na Yakubu Andani II, a Yendi a Maris na 2002, ba a naɗa sabon Ya Na ba sai Janairun 2019, bayan doguwar wahalar kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II. Yaron da aka haifa a shekarar kisan ya kusa gama sakandare kafin a sasanta. Bawku kuwa, garin kasuwa a bakin iyakar Burkina Faso da Togo, har yau tana jinyar rikicin sarauta tsakanin Kusasawa da Mamprusawa, kuma a Yulin 2025 an harbe sarkin Kusasawan Kumasi a nan Asawase, mutane da yawa suka danganta kisan da wancan rikici. A Zango Bakusashe da Bamamprushe, Bahaushe da Bamoshe, Bafrafre da Badagombe sahu ɗaya suke a masallaci, famfo ɗaya matansu ke ɗiban ruwa. Duk wanda ya turo maka saƙon murya a WhatsApp yana zuga ka kan wata ƙabila, kada ka tura wa kowa, ka goge, ka kuma faɗa masa ya ji tsoron Allah. Arewacinmu Burkina Faso ce, kuma masu ɗaukar makamai a can samari marasa aiki masu jin an zalunce su suke farauta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wata zugar da ta fi ba ni tsoro, ta cewa baƙi ne suka cinye mana kasuwa, irin wadda ta kai ga kulle shagunan 'yan Najeriya a Suame a 2019. Dokar ciniki aikin hukuma ce, a bar mata. Amma ɗan Zango ya ɗauki kwado ya je kulle shagon baƙo? Ka je ka tambayi kakarka abin da ya faru a Nuwamban 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa. Daga unguwannin nan aka cika motoci, har da waɗanda aka binne cibiyarsu a Kumasi. A 1983 Najeriya ta kori mutanen Ghana kusan miliyan ɗaya. Ba wadda ta yi arziki da korar a cikinsu.

To me ke hannunmu? Ya fi yadda muke zato. Muna sanin sunan kowane minista, amma kaɗan ne suka taɓa zama a taron majalisar gundumarsu. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa majalisun gundumomi. A 2017 an zartar da dokar Asusun Raya Zango. Tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba ka damar rubuta takarda ka tambayi nawa aka ware wa kwata ko makarantar unguwarku, wa aka ba kwangilar, kuma a amsa maka cikin kwana 14. Bes ɗaya mai mutum 20, a ciki ba a rasa wanda ya gama sakandare ko jami'a. Ku sa shi ya rubuta, kowa ya sa hannu, ku kai, ku ajiye kwafi, ku koma idan wa'adi ya cika. Ranar zaɓen asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, wanda yawancinmu ke barci a kansa, ku fito ku zaɓi wanda za ku iya ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ɗan siyasa na raina mai karɓar ambulan ko da yana yi masa dariya, amma yana shakkar mai riƙe da takarda.

Sai sana'a, kuma a nan zan ɗan matsa muku. Duniyar da ke shigo mana da tsada ita ce ke shigo da motocin da ba a gane ciwonsu da kunne, sai an jona kwamfuta. Mastocin Magazine gwanaye ne, sun riƙe motocin ƙasar nan da na maƙwabta shekara da shekaru, amma yaron da ya haɗa horonsu da karatun lantarkin mota shi zai ci kasuwar gobe. Tun 2017 sakandare kyauta ce, har da makarantun fasaha. Me zai sa ƙaninka ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ya zauna? Datar da kake ƙonawa kan cacar ƙwallo ta isa ka koyi gyaran waya ko haɗa sola. Kuma don Allah ku bar raina ɗinki, walda da kiwon kaji. Ita kuwa galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kuɗinta na zuwa da sauri, amma ku je ku ga launin ruwan kogunan Offin da Pra, ku ƙirga ramukan da suka rufta da samari. Hanyar Agadez zuwa Libiya ma kun san gidajen da har yanzu ake jiran waya.

Muna da jarin da ba mu lissafa shi. Kakanninmu sun yi fataucin goro daga Asante ta Salaga har Kano da Sakkwato ba banki ba takardar yarjejeniya, sai harshe ɗaya da amana. Harshen nan yana bakinmu, da shi za ka yi ciniki a Yamai, Maraɗi, Lome da Kano. Hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Accra take, an buɗe ciniki ƙarƙashinta a Janairun 2021. Abin da ya yi mana ƙaranci amanar ce. Iyayenmu mata na yin adashi shekara goma ba a ji kansu ba, mu samari biyar ba ma iya haɗa kuɗin pragya ɗaya sai an kai ƙara wurin Sarkin Zango. Ku gyara wannan: ku rubuta abin da kowa ya zuba, ku buɗe asusu da sa hannun mutum uku, ku sa limamin unguwa shaida.

Ku kuma shugabannin bes, ku nake roƙo musamman, domin ta hannunku ake shigowa. Duk sanda zaɓen fidda gwani ya ƙarato, za a neme ku. Ku karɓi baƙo da mutunci, ku ba shi ataya, ku saurare shi a gaban kowa, ba a bayan mota ba. Ku ce masa yaranmu ba sa rakiya, ba sa tsaron akwati, wannan aikin 'yan sanda ne. Idan da gaske yana son taimako, ku miƙa masa sunayen yara goma da ke neman kuɗin koyon sana'a da kayan aiki, ya biya masta kai tsaye, ku je ku gani da idonku. Wanda ya ƙi wannan ya ce shi samari majiya ƙarfi yake so, ku raka shi mota, ku sanar da liman da Sarkin Zango a daren.