Kaboyi: Makiyayin da Finafinai Suka Mayar Ɗan Bindiga

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Amurka, ko a gidajen sinima na da ko a talabijin, ya san siffar kaboyi: dogon Bature da malafa a kai da bindiga a ƙugu, wanda ba shi da ubangida sai kansa, kuma harsashi ne ke raba masa gardama. A ganina wannan siffa ta zalunci mutanen da suka yi sana'ar, domin ta ɓoye wahalarsu, ta kuma shafe da yawa daga cikinsu.

Kaboyi na ainihi makiyayi ne ɗan ƙodago. Bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865, shanu sun yi yawa a jihar Texas har ana sayar da sa ɗaya kimanin dala 4, alhali a biranen arewa yana kaiwa dala 40. A 1867 Joseph McCoy ya buɗe kara a garin Abilene na jihar Kansas, a bakin layin dogo, sai aka shiga koro shanu da ƙafa zuwa can, kamar yadda fatakenmu suka riƙa kora su daga Arewa zuwa Kudu. Mutum goma zuwa goma sha biyu ne ke bin garken da ya kai shanu 2,500 ko fiye, na tsawon wata biyu zuwa uku, a kan albashin dala 25 zuwa 40 a wata. Shanun na maigida ne, galibi dawakin ma nasa ne, kaboyi kuwa sirdinsa kawai ya mallaka. Sabon shiga a bayan garke ake ajiye shi, ya wuni yana shaƙar ƙura da ƙyalle ɗaure a hanci, da dare kuma a raba gadi, mai gadi yana zagaya shanun yana rera waƙa a hankali don kada su firgita, saboda tsawa ɗaya na iya tarwatsa garken ya tattake mutum. Har yajin aiki suka yi a Texas a 1883 kan neman ƙarin albashi.

Batun harbe-harbe ma an yi masa ƙarin gishiri. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone sun kafa dokar hana yawo da bindiga a cikin gari. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙidaya kisan kai 45 a manyan garuruwan cinikin shanu biyar na Kansas tsakanin 1870 da 1885. Ba ƙaramin adadi ba ne ga ƙananan garuruwa, amma fim ɗaya kan zubar da gawawwakin da suka kusa kai haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da aka cire daga labarin. Sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koye ta, tun daga jifa da igiyar zarge har fasalin sirdi, kuma masana da dama sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu koran shanun baƙaƙen fata ne, yawancinsu bayin da aka 'yanta ko 'ya'yansu. Filin da ake nunawa kamar ba mai shi kuwa ƙasar 'yan asalin nahiyar ce, waɗanda aka kora bayan an karkashe miliyoyin ɓaunayen da suka dogara da su.

Zamanin bai wuce shekara ashirin ba. Wayar shinge mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta toshe burtali, jirgin ƙasa ya isa Texas, sannan tsananin sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu ba adadi. Tun kafin nan, a 1883, Buffalo Bill ya fara wasan nuna bajintar mahaya da maharba, wanda ya kai shi har Ingila a 1887, kuma kaboyin da ya nuna wa 'yan kallo shi masu shirya fim suka gada suka aiko mana.