Madara Ba Ta Wanke Ƙurar Dutse Daga Huhu

Abin yana damuna yadda nake yawan jin masu fasa dutse a nan Kano suna cewa in an tashi aiki aka sha madara, ta wanke ƙurar da aka shaƙa. Ban ga laifinsu ba, domin maƙogwaro yakan yi sanyi, ƙaiƙayi ya lafa, mutum ya ɗauka ƙirjinsa ya washe.

Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce. Madara ciki take gangarawa, ƙura kuwa huhu take shiga. Dutsen da ake niƙawa a yi tsakuwa yana ɗauke da wani sinadari da ake kira silika, kuma ɓarɓashinta mafi illa ido ba ya ganinsa. Shi ke maƙalewa can cikin huhu, ya bar tabon da ba ya warkewa, ya kuma sauƙaƙa kamuwa da tarin tibi.

Ɗauki mai tsayuwa bakin inji, gira da gemu fari fat saboda ƙura. Zai iya yin shekaru lafiya ƙalau, sannan ya fara haki ko da masallaci zai taka.

Abin da ke karewa shi ne jiƙa dutse da ruwa, sa takunkumi mai tace ƙura da ake kira N95 maimakon ƙyalle, da zuwa asibiti lokaci-lokaci a ɗauki hoton ƙirji, a gwada ƙarfin numfashi.