Ƙarancin rigakafin mura a Ingila da rashinsa a gida

A watan Nuwamban 2019 hukumomin lafiya na Ingila, inda nake zaune, sun sanar da cewa wani kaso na rigakafin murar yara, wato mura mai tsanani da ake kira flu, wanda ake fesa musu a hanci, ba zai iso a kan lokaci ba, saboda tangarɗar da kamfanin AstraZeneca ya samu wajen gwajinsa. An ɗage ranakun rigakafi a makarantun firamare da dama, aka kuma umarci likitocin unguwa su fara da yara masu wata lalura a jiki, sannan 'yan shekara 2 da 3. Iyaye sun yi ƙorafi, amma kowa ya san dalilin jinkirin, ya kuma san wanda aka sa a gaba.

Ba a iya toshe irin wannan giɓi bayan cuta ta ɓarke. Mafi yawan rigakafin mura a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayarsa, aikin kuma yana cin kusan wata shida. Tun a Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya take ayyana nau'in ƙwayoyin da za a yi wa shiri don sanyin ƙasashen arewacin duniya, saboda haka wanda bai yi oda da wuri ba, kuɗinsa ba zai amfane shi a Disamba ba. A 2004, da aka dakatar da masana'antar rigakafin mura guda a birnin Libaful na Ingila, Amurka ta rasa kusan rabin alluranta na wannan shekarar. A lokacin murar aladu ta 2009 kuwa, ƙasashe masu hali ne suka riga kowa saye, gudummawar da aka yi wa Afirka alkawari ta iso a makare.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin yadda wasu daga cikinmu a nan suke barin takardar amincewa da yi wa yaro rigakafin ta yi makonni a jakarsa ta makaranta. Damuwarsu tana da tushe, domin feshin yana ɗauke da sinadarin da aka samo daga alade. Sai dai akwai allurar da babu shi a ciki, kuma ana bayarwa ga wanda ya nema. Jan ƙafa har yara su fara kwanciya a aji, sannan a ruga neman allura, shi ne kuskuren.

A Najeriya kuwa rigakafin mura ba ya cikin jadawalin allurar da ake yi wa yara kyauta. Idan hunturu ya kama, yaro ya tashi da zazzaɓi da tari, uwa takan nufi kemis a haɗo mata farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya yi wa ƙwayar mura komai. Na yarda cewa ƙyanda da mashaƙo da sanƙarau sun fi gaggawa, kuma ba na cewa a yi wa kowane yaro. Amma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar yara masu ciwon sikila, waɗanda mura take iya kai su gadon asibiti da ciwon ƙirji mai tsanani. Sunayensu suna nan a rajistar asibitocin da suke zuwa ganin likita, haka ma na masu asma da ciwon zuciya. Da su ya kamata gwamnatocin jihohi su fara, su ware kuɗin a kasafi, su kuma yi odar allurarsu tun kafin damina ta faɗi.