Jabun kayan gyara ya biyo tsohuwar Kombi har Jamus

A bazarar bara na tsaya shan mai a hanyar komawa Hanover, sai na ji warin fetur ya fi ƙarfin na gidan mai. Na zagaya baya na ɗaga murfin injin Kombi ɗina, ƙirar 1974, sai ga mai yana ɗiga daga tiyon da ke tsakanin famfo da kafireta, yana sauka a kan injin da ya yi tafiyar awa biyu. Tiyon nan sabo ne, wata bakwai da ɗaura shi. Da na cire shi na lanƙwasa, duk jikinsa ya tsattsage kamar ƙasar fadama a tsakiyar rani. Matata da yara biyu suna cikin motar. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wanda bai san wannan mota ba zai ce ai tiyo ne kawai. A Kombi tankin mai yana baya, dab da injin kuma sama da shi, saboda haka in tiyo ya fashe mai zai yi ta kwarara da kansa ko an kashe mota. Gidan injin kuma an zuba shi ne da ƙarfen da ke da maganiziyom, wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Masu irin wannan mota sun san gobarar injin ce babbar abokiyar gabarta, shi ya sa da wuya ka ga ɗayansu babu tukunyar kashe wuta a bayan kujera.

Na taso ina jin cewa jabu cutarmu ce, mu 'yan Afirka, Turai kuwa komai nata orijina ne. Shekarun da na yi ina riƙe da wannan mota a garin da aka ƙera ta sun warkar da ni daga wannan tunani. A nan Hanover kamfanin Volkswagen ya riƙa haɗa Kombi tun 1956, bayan ya fara a Wolfsburg a 1950. Irin tawa, mai faffaɗan gilashin gaba guda, an yi ta a Jamus daga 1967 zuwa 1979. Birazil ce ta ci gaba da riƙon amanar, ta yi mai sanyaya injin da iska har ƙarshen 2005, sannan ta rufe aikin gaba ɗaya a Disambar 2013, saboda sabuwar dokar ƙasar ta wajabta jakar iska da birkin ABS, mai hana taya ƙamewa in an taka birki. Motocin suna nan da yawa a kan titi, masu son su kuma ƙaruwa suke yi, amma masana'antun da suka yi musu kayan asali yawanci sun koma wani aikin. Giɓin da aka bari, masu kwaikwayo suka cike.

Matsalar ita ce injin Kombi iska ke sanyaya shi, kuma injin da babu lagireto ba ya yafe kuskure. Rayuwarsa duka tana kan fanka ɗaya da fambel ɗaya, da kwanukan da ke kai iska kan silinda, da robar da ta zagaye ɗakin injin don kada zafin da ya fita ƙasa ya dawo sama. In robar nan ta yi gajarta da ɗan yatsa, ko kwano bai zauna daidai ba, injin zai riƙa shaƙar zafinsa yana dahuwa a hankali, kai kuwa ba ka sani ba, don babu allurar zafi a gaban direba. Sai ranar da bawul ya tsinke, galibi na silinda ta uku, wadda dama ita ta fi shan zafi a tsofaffin injinan. Na sayi sabon kwano wanda ramukan notinsa ba su haɗu da na injin ba. Na sayi kwandansa, ɗan abin da ke taimaka wa wutar fulogi, har uku a shekara guda, kowace ta mutu ba sallama. Robar bol-jon da na ɗaura a kaka ta tsage kafin bazara, alhali motar tana ajiye a gareji duk lokacin sanyi, ko kilomita ɗaya ba ta yi ba. Akwai kafiretar da aka kwaikwayi Solex 34 PICT-3, ga ta tana ƙyalli, kyan ɗan maciji, amma duk yadda ka juya sukurorinta silo ba ya tsayawa. Ga kuma fetur ɗin E10 da aka shigo da shi Jamus a 2011, wanda sinadarin etanol ɗinsa ke cin robar da ba a yi ta dominsa ba. Ina zargin shi ya ƙarasa tiyona, amma wanda ya sayar mini bai rubuta ko'ina cewa tiyon ba ya jure shi ba.

Nan ne nake tuna Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano. Kawuna bakanike ne a Kano, kuma ya yi zamanin da Volkswagen ke haɗa motoci a Legas, tun daga 1975, lokacin da Kombi ta zama danfo a can, mu kuma take jigilar mutane da kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Ina yaro yakan aike ni da tsohon abu a hannu in je in samo irinsa. Mai shago zai jawo kala uku ya jera a kan benci, ya ce: ga orijina, ga Beljiyam, wato na hannu da aka ciro daga wata mota, ga kuma Taiwan. Kowanne da kuɗinsa. Ba na cewa duk 'yan kasuwar waliyyai ne, akwai masu zuba Taiwan a kwalin orijina, kuma kowa ya san da su. Amma tsarin kansa yana gaya maka darajar abin da kake saya. In ka ɗauki na araha, da idonka buɗe ka ɗauka, ka san araha ba ta ado. In kuma mai shago ya cuce ka, kawu zai taka da ƙafarsa ya ce masa, "Alhaji, wannan ba girmanka ba ne," kuma gobe duk layin ya ji.

A nan kuwa hoto kake gani a intanet, da lambar kayan, da rubutun cewa ingancinsa daidai da na asali. Kwali mai kyau zai iso ƙofarka. Wani lokaci ma na Yuro takwas da na Yuro talatin daga masana'anta ɗaya suka fito, sunan da ke kan leda ne ya bambanta. Gaskiya doka tana kare mai saye: kana da kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet, kana da shekara biyu ka yi ƙorafi in yana da aibi. Amma wa zai biya ka yinin da ka yi kana sauke injin don canza roba guda? Wa zai biya ka motar da ta ƙone? Mayar maka da kuɗin tiyo ba ya mayar da komai.

Abu na biyu da gida ya fi Jamusawa shi ne gyara. Kawu ba ya jefar da abin asali sai ya tabbata ya mutu murus. Kafireta a wanke ta a sa mata sabon bushi, dainamo a kai wa rewaya ya sake naɗa waya, kwanon da ya tsage ɗan walda ya ɗinke shi. A kasuwar Panteka ta Kaduna ma abin da babu shi ƙera maka shi za a yi. A Jamus kuɗin awa ɗaya na bakanike ya ninka kuɗin sabon jabun, don haka lissafi yana tura mutum ya cire mai kyau tsoho ya ɗaura marar kyau sabo. Maƙwabcina, dattijon da ya yi aiki a masana'antar nan har ya yi ritaya, shi ya hana ni zubar da tsohuwar distiributar Bosch da ta zo da motar. Muka warware ta a kan teburinsa, muka wanke, muka sa mai, muka mayar. Shekara uku ke nan ba ta yi tari ba, sabuwar da na saya tana cikin kwalinta. Da na ba shi labarin kawu, ya ce haka su ma suke yi a da, kafin abu ya yi araha aiki ya yi tsada. Da tsohuwar zuma ake magani, a Kano da Hanover duka.

Ba zan ɓoye inda suka fi mu ba, don a nan ne abin yake mini ciwo. Kowace shekara biyu sai motata ta je gwajin lafiyar mota na TÜV, a ɗaga ta sama a duba birki da tiyonsa da robobin ƙafa. Robar bol-jon ɗin nan da ta tsage, su suka gano ta. Sannan Kombi a nan motar sha'awa ce, mai lambar H da ake bai wa motar da ta haura shekara 30, ana fita da ita ranar hutu in rana ta fito. A gida jabun birki yana shiga motar haya ce, mai ɗauke da mutum goma sha takwas a hanyar Kano zuwa Zariya, kuma ba kowace ake ɗagawa a duba ba. Muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, amma kasuwa ta fi hannunta faɗi. Direban da ya zaɓi Taiwan don kuɗin orijina ya fi ƙarfinsa, ba shi kaɗai yake ɗaukar kasadar ba, fasinjan da bai ga kayan ba shi ma yana ciki.

Laifin ma ba na masu ƙerawa kaɗai ba ne. Mu masu motocin muna jera farashi mu danna mafi ƙanƙanta, har mai yin na kirki ya ga ba ya sayarwa ya daina. Ni ma na yi, da hannuna na zaɓi tiyon nan. Abin da nake so daga masu sayarwa a nan bai wuce abin da Alhajin Ƙofar Ruwa yake yi ba: su jera kala uku, su rubuta inda aka yi kowanne da irin robar da ke cikinsa, su bar ni in zaɓa. Yanzu tiyon mai sai mai tambarin jure etanol a jikinsa nake saya, ina canza shi kafin ya nuna gajiya, kuma duk wani ƙarfe na asali da na cire ina naɗe shi a tsumma mai mai in ajiye a kan kanta. Wata mai zuwa ni da dattijon za mu buɗe tsohuwar Solex ɗin da na kusa zubarwa.