Asibitoci uku a layi ɗaya, babu na zuwa da tsakar dare

Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi akwai ƙananan asibitocin kuɗi guda uku. Minti goma ya ishe ka ka zagaye su da ƙafa. Amma daren da numfashin Hajiyarmu ya sarƙe, wajen ƙarfe biyu, na farko mun same shi garƙame da kwaɗo. A na biyu akwai nas, baiwar Allah ta yi bakin ƙoƙarinta, sai dai likita ya tafi gida, iskar oksijin kuma ta ƙare tun da magariba. Na uku yana da iskar, amma maigadi kaɗai muka tarar. A adaidaita sahu muka ƙarasa babban asibiti, ƙanena yana tallafe da kanta, ni ina rungume da ledar magungunanta. Allah Ya sa da sauran shan ruwa, ta tashi.

Ba don cin mutuncin kowa nake wannan rubutu ba. Likitan asibitin farko na san shi, mutumin kirki ne, sau nawa yana duba yaran unguwa ya ce a kawo kuɗin in an samu. Amma mutum ɗaya ne. Da safe yana aikin gwamnati, da yamma ya buɗe nasa, da dare dole ya runtsa. Haka sauran biyun. Kowa ya kinkimi kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To me zai hana su ukun su raba kwana? Yau wannan, gobe wancan, a liƙa takarda a ƙofar kowanne cewa ga inda likita yake a daren nan, ga lambarsa. Tukunyar iska ta bi mai kwana. Ba sai an gina ko ɗaki ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma maganar kati ce. Hajiya tana da hawan jini da ciwon suga, kuma katinta uku, kowane asibiti da nasa. Wanda aka je wa sai ya fara daga farko, a sake ɗibar jini, a sake biyan kuɗin gwajin da aka yi makon jiya a can gaba kaɗan. Da likitan babban asibiti ya ce, "Wane magani take sha?" sai na zazzage masa ledar a kan tebur. Ya ɗaga kwali biyu ya jera su. Ashe maganin hawan jini iri ɗaya ne, sunan kamfani ne ya bambanta, likitoci biyu suka rubuta mata, kowa bai san da na ɗan'uwansa ba. Wata guda tana haɗiyar ninki. Jirin da take ta kuka da shi, mu muna cewa tsufa ne.

Akwai inda aka gwada irin wannan haɗin kai. A Ingila, a 2019, aka sa ƙananan asibitocin likitocin unguwa su haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni yana kula da mutum kamar 30,000 zuwa 50,000. Kowa yana nan da asibitinsa da marasa lafiyarsa, amma tare suke ɗaukar ma'aikatan da ɗaya ba zai iya riƙewa shi kaɗai ba, irin masanin magunguna da mai gashin ƙashi. Tare suke tsara duba mutane da yamma da ranar Asabar. Da allurar korona ta zo a ƙarshen 2020, ta hannun waɗannan rukunoni aka yi wa ɗimbin tsofaffi. Na sani, can gwamnati ke biya, mara lafiya ba ya zaro ko sisi a gaban likita. A nan kuwa kowane mara lafiya shi ne kuɗin dizal da albashin nas, shi ya sa likita ke tsoron in ya tura ka wurin maƙwabcinsa ba za ka dawo ba.

Wannan tsoro gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma a yi lissafi mana. Janareta uku, ɗakin gwaji uku, kowanne da na'urar da ke kwana biyu ba a taɓa ta ba, ga sinadaran gwaji suna lalacewa a firjin da babu wuta. In ɗakin gwajin ɗaya ne mai sola da ƙwararren ma'aikaci, wa ya yi asara? Ga kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta inshora ga 'yan Najeriya, ga hukumar KSCHMA mai kula da inshorar lafiya ta jiha a nan Kano. Asibitoci uku da suka haɗa kai sun fi ƙarfin tunkarar ƙungiyar teloli ko ta 'yan adaidaita su ce ku yi rajista da mu, dare da rana akwai likita.

Ku tuna mashaƙon 2023, yadda ya yi wa Kano ɓarna fiye da kowace jiha. Yaro mai ciwon maƙogwaro, kemis ake fara kai shi, sai ƙaramin asibiti, kafin a dangana da Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Likita ɗaya ya ga yara biyu, ba zai ɗauka komai ba ne. Likitoci uku da ke magana da juna su ga shida a mako guda, ranar za su buga wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma waya. Hukumar PHIMA, mai sa ido a kan asibitocin kuɗi a jihar Kano, tana rufe asibitocin bogi, madalla da hakan. Ina roƙon ta riƙa zaunar da na gaskiyan ma a teburi ɗaya.

Ni dai na riga na je wurin Mai Unguwa da ledar nan da katunan uku. Ya ce zai kira likitocin bayan sallar Juma'a mai zuwa, a zaurensa. Abu biyu kawai zan roƙa a ranar: takardar rabon kwana a ƙofar kowane asibiti da ta masallaci, da ɗan littafi guda da Hajiya za ta riƙe, duk wanda ya rubuta mata magani ya rubuta a ciki.